Niƙa kara da itace kafin a fitar da sinadarai

Niƙa kara da itace shi ne matakin farko da masana'antu ke bi idan za su fitar da sukari, itanol (wani mai da ake haɗawa da fetur) ko wasu sinadarai daga ragowar tsirrai, kamar karan masara, totuwa, ɓuntun shinkafa, garin katako da sauran rake bayan an matse shi. Aikin na inji ne zalla: a sare, a farfasa, a niƙe, tun kafin asid ko enzayim (sinadarin da ke warware zaren tsiro ya koma sukari) su taɓa kayan.

Abin da ya sa ake wannan wahala yana cikin jikin tsiron. Kara ya ƙunshi manyan abubuwa uku: selulos, wanda yakan kai kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari na busasshen nauyinsa, sai hemiselulos, sai lignin. Selulos sukari ne da ya jeru cikin dogayen sarƙoƙi, sarƙoƙin sun manne da juna tamau, lignin kuma, wanda ke sa itace tauri, ya lulluɓe su. Enzayim ɗin da zai warware sukarin ba ya samun hanyar shiga sai an ɓarke wannan rufi. Niƙa na ƙara faɗin wurin da zai kama, wani lokaci har ya wargaza jerin selulos ɗin kansa.

Injunan sun bambanta. Na sara yana yanka itace gunduwa-gunduwa, milimita 10 zuwa 30. Mai guduma, ɗan'uwan wanda masu kiwo ke niƙa kara da shi don abincin dabbobi, yana bugun kayan da guduman ƙarfe masu juyawa da gudu har su ratsa rariya, kuma girman hudar rariyar ne ke yanke laushin garin, galibi tsakanin milimita 0.2 da 2. Busasshen kaya yake so; mai danshi toshe rariya yake yi. Mai faifai biyu masu haƙora kuwa yana murza jiƙaƙƙen kaya ya tsefe shi zare-zare. Wannan gado ne daga masana'antar takarda, inda Bajamushe Friedrich Gottlob Keller ya ƙera injin goge itace a shekarun 1840. Akwai kuma ganga mai juyawa cike da ƙwallayen ƙarfe ko na tangaran. Ita ta fi kowanne rushe jerin selulos, amma sai ta yi sa'o'i tana juyi, shi ya sa aka fi ganinta a ɗakin bincike.

Matsalar duka ita ce kuɗin wuta. Gwargwadon laushin da ake nema, gwargwadon lantarkin da za a ƙona, kuma katako ya fi kara ci nesa ba kusa ba. Idan aka matsa sai an mai da shi gari luƙui, makamashin da ya tafi wajen niƙa na iya cinye ribar man da za a samu. Sai kuma lalacewar ƙarfe. Ɓuntun shinkafa yana ɗauke da silika (sinadarin da ke cikin yashi) mai yawa da ke dakushe wuƙaƙe, karan da aka kwaso daga gona kuma yakan zo da yashi da tsakuwa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake a rubuce ba a cika ba shi muhimmanci ba. Masana'antar itanol ta POET-DSM da aka buɗe a 2014 a Emmetsburg, jihar Iowa ta Amurka, ta sha fama da matakin shirya karan masara, ta kuma dakatar da aiki a 2019. Ta kamfanin DuPont da ke jihar an buɗe ta a 2015, aka rufe a 2017.

Don haka ba kasafai ake dogara da niƙa shi kaɗai ba. An fi sassara kayan sama-sama, a dafa su da tururi mai zafin digiri 160 zuwa 260 a ma'aunin Celsius ƙarƙashin matsi, sannan a saki matsin farat ɗaya, zaren ya tarwatse. William Mason ne ya fito da wannan dabara a Amurka a shekarun 1920 don yin allon katako. Idan aka kai kayan injin faifai bayan tururi ya tausasa su, wutar da ake sha takan ragu sosai.