Tsohuwar fitilar famfo da rishon tagulla: tambayoyi da amsoshi

Daminar bara aka ɗauke mana wuta kwana huɗu a Tudun Wada, ga hadari ya hana sola caji. Sai na tuna da fitilar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wadda ta fi shekara ashirin a ɗakin shirgi. Petromax ce, a kasuwar Sabon Gari ya saye ta tun kafin a haife ni. Na sha mata alwashin ba za ta je hannun 'yan gwangwan ba. Fata ɗaya, roba biyu da raga ɗaya na sauya, ta kama har yaran maƙwabta suka taru a ƙofar gida suna karatun allo. Tun daga nan ake kawo mini tsofaffin fitilu da risho, kowa da tambayarsa. Ga waɗanda aka fi yi.

Tambaya: Malam, mene ne bambancinta da fitilar ƙwai da muka sani?

Amsa: Fitilar ƙwai, irin su Feuerhand 276 ta Jamus da 'yan uwanta na Caina, lagwani ne ke tsotso kananzir ya ci a bakinsa. Fitilar famfo ba ta da lagwani. Iska ake bugawa cikin tanki, iskar ta danna kananzir ya hau wani siririn bututu da ke tsaye a tsakiyar zafin wutar. Kafin ya kai sama ya zama tururi, ya fita ta jet, wato ɗan bakin da ke kan bututun mai ramin da bai kai rabin milimita ba, ya gauraya da iska, ya ci a cikin raga, wato 'yar jakar saƙa da ake ɗaurewa a cikin gilashin. Harshen wutar kansa shuɗi ne, ba shi da wani haske. Ragar ce ke ɗaukar zafin ta yi fari fat. Wani masanin sinadarai ɗan Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, shi ya ƙirƙiro ragar a 1885. Max Graetz ya fito da Petromax a Balin ta Jamus a 1910, Coleman na Amurka ya fitar da fitilarsa ta farko ta ratayawa a 1914, sai Tilley ta Ingila, wadda sunanta ya bi bakin mutane har wasu kowace fitilar famfo Tilley suke ce mata. Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan fitilun caji ya san ƙugin da take yi a teburin mai shayi ko mai tsire.

Risho mai famfo ma haka yake aiki, raga ce kawai babu. Frans Lindqvist ya ƙera Primus a Suwidin a 1892, kuma irinsa Amundsen, matafiyi ɗan Norway, ya ɗauka a tafiyarsa zuwa ƙuryar kudancin duniya a 1911. A wajenmu kalmar risho ta haɗa da mai lagwani, shi ma za mu taɓa shi.

Tambaya: Na tsinci ɗaya a kayan gado. Ta yaya zan san ko zai gyaru?

Amsa: Fara da tanki, domin shi kaɗai ne ba a sauyawa. Juye abin da ke ciki, ka ɗauraye da sabon kananzir sau biyu ko uku har datti ya daina fita. Bayan ka gyara famfon, ka buga iska cikin tankin babu mai, ka cire gilashi, ka nutsa shi cikin bokitin ruwa kamar yadda mai faci ke yi wa tube. Kumfa daga bakin murfi ko gindin famfo ba abin damuwa ba ne, roba ce ta mutu. Amma in ka ga kumfa na fita daga jikin tagullar, musamman ta wani siririn layi kamar gashi, to tankin ya tsage. Wannan ni ba na liƙe shi da dalma in ba mutum ya kai gidansa. Tagullar da ta fara tsagewa a wuri ɗaya, gobe a wani wurin za ta buɗe, kuma mai ne a ƙarƙashin matsi kusa da wuta. A ajiye shi don ado, ko a cire sassansa a raya wani.

In kana son sanin shekarunsa, kifa shi. Kamfanin Primus ya fara buga harafi a ƙarƙashin tanki daga 1911, wato A, kowace shekara da nata. Coleman kuwa wata da shekara yake bugawa da lambobi.

Tambaya: Ina buga famfo amma kamar iska nake dama, ba ya riƙewa.

Amsa: Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, kuma ita ta fi arha. Kwance murfin famfon ka zaro sandar. A ƙarshenta akwai 'yar fata mai siffar ƙoƙo. Ta Baba da na zaro ta bushe ƙamas, ta ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa, tana yawo cikin bututun ba ta taɓa gefe. In ba ta tsage ba, jiƙa ta cikin man keken ɗinki ko sabon man inji ta kwana, da safe ka buɗa bakinta da yatsa a hankali, ka mayar. Kula wajen mayarwa: bakin ƙoƙon ne ke fuskantar ƙasa, sai ka riƙa cusa gefensa da farce kana juyawa, kada ya naɗe.

In ta rube, kada ka wahalar da kanka neman ta ƙasar waje. A Zariya da dukawa ke cikin birni ba a rasa fata. Nemi guntuwar fata mai kauri kamar na harshen takalmi, ka yanka da'ira da ta ɗan fi bakin bututun faɗi, ka huda tsakiya, ka jiƙa ta da ruwa sosai. Sai ka danna ta da sanda mai santsi cikin wani rami ko guntun bututu daidai da girman famfon, ka bar ta ta bushe a nan. Za ta fito da siffar ƙoƙo. Datse gefen da reza, ka shayar da ita mai. Abin da ba na so shi ne man gyaɗa. Yana yin aiki na sati biyu, daga baya ya yi danƙo ya yi ɗoyi.

Tambaya: Nawa kuma sandar famfon ce ke turo kanta waje, har kananzir na biyowa.

Amsa: Kada ka ƙara kunna shi sai an gyara. A gindin bututun famfo akwai ƙaramin bawul mai sifirin da 'yar roba kamar ƙwayar gero, aikinsa ya bar iska ta shiga, ya hana mai dawowa. Robar ce ta taurare. A Primus da ire-irensa sai da dogon makulli na musamman ake kwance shi, ana iya sa maƙeri ya yanka tsaga a bakin ƙarfe daidai kan bawul ɗin. Ka zuba masa kananzir ya jiƙa kwana biyu kafin ka murɗa, ka danna sosai, don in kan ya cinye ka shiga uku. Robar da za ka sa, da ta murfin tanki, ta kasance mai jure mai, irin wadda masu kayan gyaran mota ke sayarwa. Robar tuben taya kumbura take yi a kananzir.

Tambaya: Da na kunna sai jar wuta ta tashi sama da hayaƙi. Ta lalace ke nan?

Amsa: Yawanci fitilar lafiyarta ƙalau, gaggawa ce ta mai ita. Na ce kananzir sai ya zama tururi kafin ya ci da kyau. In bututun bai yi zafi ba, ruwan mai ne zai fito tsirit, ya kama bal-bal. Shi ya sa aka yi ɗan kasko a ƙarƙashin bututun. Cika shi da sipirit, irin na kemis, ka kunna, ka bari ya kusa cinyewa. A risho, ɗan sukurun sakin iska na nan a buɗe duk tsawon wannan lokaci. Sai wutar sipirit ta fara lumshewa ka rufe shi, ka buga famfo sau uku ko huɗu, ka ji ya fara huci, sannan ka ƙara. Da hunturu, ko in iska na kaɗawa, cika kaskon sau biyu, amma ka tabbata wutar farko ta mutu murus kafin ka ƙara zubawa, domin wutar sipirit ba ta cika ganuwa da rana ba. Wasu Petromax suna da nasu hurawutar a gefe, ita kuma a ba ta kamar minti ɗaya da rabi.

In ta riga ta tashi, kada ka watsa ruwa, kada ka ɗauke ta ka ruga. Saki iskar tankin kawai. Matsi na sauka mai zai daina hawa, wutar ta kwanta da kanta.

Idan kuwa ka ɗumama yadda ya kamata amma wutar na tsalle, ko hasken ya dushe, jet ne ya toshe da kabon ko ƙura. Petromax da Tilley suna da allura a ciki, murɗa makunnin ka dawo da shi da sauri sai ta soke ramin. Risho kuwa da tasa allurar yake zuwa, siririyar waya a kan ɗan gwangwani. Na roƙe ku, kada a sa allurar ɗinki ko fil. Sun fi ramin kauri, suna buɗa shi, daga nan mai ya fi iska yawa, tukunya ta yi ta baƙi har abada. Jet da ya buɗe ba ya gyaruwa, sai sabo. In babu allurar, zaro silin waya ɗaya daga kebul ɗin birkin keke, mafi siririya, ka gwada a hankali ba tare da tilastawa ba. Kuma a riƙa tace mai da mazurari da ƙyalle mai tsabta, musamman lokacin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina.

Tambaya: Kananzir ya yi tsada. In na ɗan sirka da fetur fa?

Amsa: A'a. Ko cokali ɗaya. Kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai digiri 38 zuwa sama. Fetur kuwa yana fitarwa ko a sanyin da ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri. Yanzu ka tuna yadda ake kashe risho: sakin iskar tanki ake yi, a nesan da bai kai taƙi ɗaya da wuta ba. In kananzir ne, iska ce kawai ke fita. In akwai fetur, tururinsa ne ke fita a fuskarka. Mun sha jin gidajen da gurɓataccen kananzir ya ƙona, uwa da 'ya'ya, a fitilar ƙwai ma ba mai famfo ba. Don haka in ka sayi mai a hannun 'yan bumburutu, gwada shi: rabin cokali a marfin gwangwani, a waje, a inuwa, nesa da jarkar. Kawo ashana kusa da samansa. Mai kyau ba zai kula ka ba. In ya yi fuu ya kama, kada ya shiga gidanka.

Akwai juyin wannan. Yawancin fitilun Coleman, kamar jar nan 200A, da ƙaramin risho Svea 123, an yi su ne don wani tataccen farin fetur. Kananzir ba zai ci a cikinsu daidai ba, fetur ɗin gidan mai kuma yana toshe musu bututu da wuri. Karanta abin da aka rubuta a jiki kafin ka zuba komai.

Tambaya: Raga fa? Kullum tawa a fashe take.

Amsa: Sabuwar raga ƙyalle ce da aka jiƙa da sinadari. Ɗaure ta, ka baje ƙunshin daidai, ka datse zaren da ya yi saura, ka kunna mata ashana daga ƙasa a waje ta cinye ta zama farar toka. Daga nan ko hura ta ka yi za ta zube. A ɗauki fitilar a hankali, kada a dangwarar. Farkon damina, ranar da shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, in gilashinka na da ɓari to ka yi bankwana da ragar a daren. Wadda ta huje kuma a sauya nan take, domin harshen wuta na fita ta hujin ya fasa gilashi, gilashin kuwa ya fi ragar wuyar samu. Tsofaffin raguna da za ka tarar a kwalin mahaifinka da sinadarin toriyam aka yi su, mai ɗan fitar da tururin nukiliya kaɗan. Kada ka shaƙi tokarsu, ka wanke hannu, kada yara su yi wasa da su.

Tambaya: Malam, ni nawa mai lagwani ne, Butterfly. Tukunya yake baƙanta mini.

Amsa: Hajiya, duba tsawon lagwanin. Su zo daidai da juna, a datse bakin da ya ƙone da almakashi, wanda ya gajarce a sauya. A wanke gwangwanayen nan masu huji da miya ta toshe, a zaunar da su daram. Kuma a daina kashe shi da yayyafa ruwa, ruwan na gangarawa tanki ya kawo tsatsa.

Tambaya: Da me zan goge tagullar, kuma ina zan ajiye?

Amsa: Jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemon tsami da ɗan gishiri, a ɗauraye, a shanya. A guji man goge ƙarfe mai warin amoniya, shi ke jawo tsagewar da na ambata. Kada a ɗora wa ƙaramin Primus babbar tukunyar biki: zafi na komawa ƙasa ya narkar da dalmar ƙafafu. Kada a kunna ko ɗaya a rufaffen ɗaki a kwanta, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. In za a ajiye, a saki iska, a juye man, a bar murfi sako-sako don kada robar ta manne.

Tambaya: Ga fitilun caji ko'ina, wannan wahalar ta mece ce?

Amsa: In lissafin kuɗi ne, fitilar caji ta ci. Babbar Petromax na shan kusan lita ɗaya a awa takwas, kuma zamanin da farashin gwamnati na litar kananzir yake naira 50 ya wuce. Ni ma ba kullum nake kunna ta Baba ba. Sai in an yi baƙi a tsakar gida, ko taron sauka, ko wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Amma fitilun caji uku na zubar a shekara biyu, ba wanda ya iya buɗe su ya gyara. Ita kuwa duk wata uku nake zaro sandar famfonta in ɗiga wa fatar mai sau biyu, in mayar da ita kan ƙusarta a zaure.