Kamfanonin waje da ke gurɓata ruwa da gonaki: amsar tambayoyinku

Tambayoyin nan na amsa su har na gaji, ga su wuri ɗaya.

Wai talaka zai iya ja da irin waɗannan kamfanoni?

Zai iya. A ƙauyen Plachimada na Indiya mutane suka yi zaman dirshan a ƙofar masana'antar Coca-Cola saboda rijiyoyinsu sun ƙafe, a 2004 ta daina aiki.

Ba aikin gwamnati ba ne?

Nata ne, amma tana samun haraji daga kamfanin, sai an matsa take motsi.

Sun kawo kuɗin diyya, mu karɓa?

To nan fa sai a hankali, ba zan ce wa mai yunwa kar ya karɓa ba. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni da man Shell ya malale a ruwansu a 2008, fam 4,000 kacal aka fara yi musu tayi, suka ƙi suka kai ƙara Landan, a 2015 aka biya fam miliyan 55. Amma shari'a na cin rai, manoman Neja Delta da suka shigar da ƙara a Holan a 2008 sai 2021 suka yi nasara, wasunsu sun rasu kafin hukunci. Don haka ya danganta da ƙarfin hujjarku da kuma ko za ku iya jure jira. Abin da nake roƙonku, kar kowa ya dangwala yatsa a takarda sai lauyanku ya karanta muku, lauyanku fa ba na kamfani ba, kuma a rubuta share dattin daban da kuɗin. A birnin Bhopal na Indiya, inda iskar gas mai guba ta tsiyayo daga wata masana'anta ta kashe dubban mutane, an sasanta kan dala miliyan 470 a 1989, har yau mazauna kusa da wurin na kuka da gurɓataccen ruwa.

Akwai haɗari?

Akwai. An rataye Ken Saro-Wiwa, marubucin da ya jagoranci fafutukar mutanen Ogoni kan gurɓata musu ƙasa, da wasu mutum 8 a 1995. Kar hakan ya karya muku gwiwa, amma kar ku bar mutum ɗaya shi kaɗai a gaba.

Da me za mu fara?

Haba jama'a, sau nawa zan faɗa! Hujja. Hoton matattun kifi da kwanan wata, katin asibitin yara, ruwan rijiya a kwalba mai tsabta a kai gwaji. Gwaji ne ya nuna a 2011 cewa gubar benzin (wani sinadari da ke cikin ɗanyen mai) a rijiyoyin Ogale, wani gari a ƙasar Ogoni, ta ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) sau 900.