Mene ne allon sauti a jikin haf?

Haf shi ne kayan kiɗan nan mai kusurwa uku, wanda makaɗi ke jinginawa a kafaɗarsa ta dama yana taɓa tsirkiyoyi da yatsun hannu biyu. Sassa uku ne suka tayar da shi: wuya mai lanƙwasa a sama, inda ake ɗaura tsirkiya a murɗa ta, da ginshiƙi a gaba mai tokare wuyan, sai akwatin da ke kwance a jikin makaɗi. Fuskar wannan akwati, wato siririn katakon da tsirkiyoyi ke fitowa daga tsakiyarsa, ita ake kira allon sauti. Ido yakan tafi ga ginshiƙi mai ado da ruwan zinare, amma muryar haf a wannan allo take.

Tsirkiya ita kaɗai amonta bai taka kara ya karya ba. Siririya ce, in tana karkarwa ratsa iska kawai take yi. Sai ta miƙa karkarwar ga abu mai faɗi marar nauyi, shi kuma ya tura iska har kunne ya ji. Aikin allon ke nan.

Jita ma tana da nata allon, haka fiyano, amma na haf ya fi su shan wuya. A jita tsirkiyoyi suna kwance ne a kan fuskar. A haf kuwa kowace tsirkiya ana zura ta ta wani ɗan rami a tsakiyar allon, a ƙulle ta daga ciki, sannan a ja ta sama zuwa wuya. Fizgar allon take yi, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Babban haf mai feda, wato abin takawa da ƙafa don canza muryar tsirkiyoyi, yana da tsirkiya 47, kuma jansu gaba ɗaya ya kusa tan guda. Duk wannan a kan katakon da kaurinsa daga sama bai wuce 'yan milimita ba.

A nan gwanintar maƙerin take. In ya bar allon da kauri, zai daɗe amma muryarsa a shaƙe. In ya fere shi da yawa, zai yi amo mai daɗi, ya yage ba da jimawa ba. Shi ya sa aka fi zaɓen itacen sifurus, musamman irin na Sitka da ke gaɓar arewa maso yammacin Amurka, don ba shi da nauyi kuma yana da ƙarfi. Ba falle ɗaya ake yi ba. Gajerun yanka ake jerawa a manne su gefe da gefe, jijiyar katakon tana tafiya a gicciye, daga wannan gefen akwati zuwa wancan, saboda katako ya fi juriya ta tsawon jijiyarsa, ta haka nauyin da ke tsakiya yake isa bakin akwatin. Sannan a kankare shi: siriri a sama wurin gajerun tsirkiyoyi masu siririyar murya, yana ƙara kauri da faɗi har ƙasa wurin dogaye masu kaurin murya. A tsakiya ana manna tsinken katako mai tauri ciki da waje, a nan ramukan suke, don kada ƙullin tsirkiya ya ci allon.

Wanda ya duba haf da ya kwana biyu daga gefe zai ga tsakiyar allon ya ɗan taso, ya yi tumbi. Wannan ba ciwo ba ne, makaɗa da yawa ma suna cewa sai a lokacin muryar ke buɗewa. 'Yar tsagar da ta bi jijiyar katako ita ma sau da yawa ba ta hana komai. Abin tsoro shi ne allon ya fara ɗagowa daga bakin akwati. Akwai gogen Turawa da Stradivari ya ƙera shekara 300 da suka wuce, har yau ana kaɗa su, amma haf da ake aiki da shi sosai, in shekaru suka ja, sai an sake masa allo.

Ba da katako aka fara ba. Haf na Misira, wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, ba shi da ginshiƙi, kuma fata ake shimfiɗa wa a fuskar akwatinsa. A al'ada fatar barewa ake sa wa haf na Myanmar, kora kuma, wato haf na Afirka ta Yamma mai tsirkiya 21, fatar saniya ce a kan ƙwarya. Ginshiƙi ne ya ba Turawa damar ƙara ja. Tsohon haf ɗin da ke Kwalejin Trinity a Dublin, na ƙarni na 14 ko na 15, daga gungume guda aka fafe akwatinsa, don ya jure tsirkiyar tagulla. Bayan Sébastien Érard, wani Bafaranshe maƙerin kayan kiɗa, ya yi rajistar fasahar fedarsa a Landan a 1810, haf ya samu gindin zama a manyan ƙungiyoyin makaɗa, ana kuma neman ya ƙara amo. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Lyon & Healy na Chicago ya faɗaɗa allon daga ƙasa har ya zarce akwatin ta gefe biyu.

Yau ana yi wa ƙananan haf allo da filawud mai kyau, wasu da zaren kabon, waɗanda danshi da bushewar iska ba sa damunsu sosai. A ganina ba abin rainawa ba ne, musamman ga mai koyo, ko da yake kunnena ya fi karkata ga sifurus. Ko da wanne aka yi, kowane allo da irin tsirkiyar da aka auna masa. Wanda ya ɗaura wa ƙaramin haf tsirkiyoyin babba don neman ƙarin amo, yana iya tsage allon daga tsakiya.