Daskarewar Ɗigon Ruwa da Yawaitar Ƙanƙara a Cikin Gajimare

Ɗigon ruwan da ke cikin gajimare ba ya daskarewa da zarar sanyi ya kai sifili a ma'aunin Salshiyas. Idan babu wani abu a cikinsa, yana iya zama ruwa har sanyi ya kai kusan digiri 38 ƙasa da sifili, inda yake daskarewa da kansa. Kafin wannan mataki sai ya sami wata ƙwaya da ƙanƙara za ta kafu a kanta, kamar ƙurar ƙasa, wadda hamadar Sahara ce babbar mafarinta a duniya, ko wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a jikin ganyaye.

Sai dai jiragen bincike sun sha tarar da ƙwayoyin ƙanƙara da suka ninka waɗannan ƙwayoyin kafuwa sau dubu ko fiye a cikin gajimare ɗaya, abin da ke nuna cewa ƙanƙarar da ta fara samuwa ita ke haifar da wata.

Hanyar da aka fi sani ita ce wadda masana kimiyya John Hallett da Stanley Mossop suka bayyana a shekarar 1974. Sun nuna cewa idan dunƙulen ƙanƙara yana ratsa ɗigon ruwa suna mannewa a jikinsa suna daskarewa, ƙananan ɓarɓashi kan tsinke daga gare shi, muddin sanyi yana tsakanin digiri 3 da 8 ƙasa da sifili, kuma abin ya fi ƙarfi a wajen digiri 5. Hanya ta biyu, wadda ta cancanci kulawa sosai, ta shafi manyan ɗigo. Ɓangaren waje na ɗigon ne ke fara daskarewa ya zama ɓawo, ruwan ciki kuma idan ya zo daskarewa girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ya matsa wa ɓawon har ya tsage ko ya tarwatse, kamar yadda kwalbar da aka cika maƙil take fashewa a firiza. Karo tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara ma yana farfasa su.

Kowane ɓarɓashi yana girma da sauri, domin tururin ruwa ya fi saurin taruwa a jikin ƙanƙara fiye da jikin ɗigo, tsarin da ke ɗauke da sunayen masana kimiyya Wegener, Bergeron da Findeisen. Yawancin ruwan da hadarin damina ke zubarwa yana farawa ne a matsayin ƙanƙara can sama kafin ya narke a hanyar saukowa, kuma gogayyar ƙwayoyin ƙanƙarar ce ke tara lantarkin da ke fitowa a matsayin walƙiya.