Ma'anar "dashe" da bambancinsa da shuka a lambun gida

Ƙanwata da ta tare a sabon gida ta kira ni cikin watan sanyi tana ƙorafi. "Yaya, furannin da na shuka da damina duk sun bushe, ko ganye ɗaya bai rage ba. Anya ba cuta ta aka yi ba?" Na ce mata babu wanda ya cuce ta. Irin da ta saya na damina ɗaya ne, ya yi fure, ya zubar da 'ya'ya, wa'adinsa ya cika. Ita kuwa abin da take so shi ne furen da zai zauna a tsakar gida shekara da shekaru, kuma galibin irin waɗannan ta hanyar dashe ake samunsu.

A bakin manomi shuka daban, dashe daban. Shuka ita ce a sa ƙwayar iri a ƙasa, ta tsiro a nan, ta girma a nan: gero, dawa, masara, gyaɗa, wake. Dashe kuwa shi ne a ɗauki abin da ya riga ya rayu a sauya masa mazauni, ko dai ƙaramin tsiro da saiwarsa, ko reshen da aka yanko daga uwa. Masu lambu suna rainon albasa, tumatir da attaruhu a fangali sannan su dasa. Rogo da rake da dankalin Hausa ba a neman ƙwayarsu, jikinsu ake yankawa a binne. Har cikin hatsi akwai na dashe, kamar dauro, da masakwa wadda ake dasawa a ƙasar firgi ta yankin Tafkin Chadi bayan ruwa ya janye. Daga gona kalmar ta shiga asibiti, shi ya sa muke cewa dashen ƙoda, aikin da aka fara cin nasararsa a birnin Boston na Amurka a 1954. Ma'anar ba ta sauya ba: rayayyen abu ne aka ciro aka kai sabon wuri, ana fatan ya kama.

Wannan kalma ta "kamawa" ita ce zuciyar zancen. Iri tsirowa yake yi, dashe kuma kamawa.

To me ya haɗa dashe da furanni masu daɗewa? Tsiron da ke rayuwa damina ɗaya dukan ƙarfinsa a kan iri yake ƙarewa, don ta nan kaɗai zai bar baya. Mai daɗewa kuwa yana da rumbu a jikinsa, a saiwa ko a kututture ko a wani kai mai kama da albasa, inda yake ajiye ruwa da abinci ya ci rani da su. Wannan ajiya ce ke ba yankakken reshe damar jurewa har ya fitar da saiwar kansa. Dubi yakuwa, wadda muke samun zoɓo daga gare ta: kowace shekara sai an sake shuka ta. 'Yar uwarta ta ado, mai manyan jajayen furanni da ake gani a harabar makarantu da ofisoshi, reshe ɗaya za ka dasa ta yi maka shekaru.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin a fara jera furanni a bakin titi ana sayarwa. Shingen aguwa da na bini-da-zugu duk dashe ne. Zogalen bayan ɗaki sau da yawa sanda ce aka kafa ta yi ganye. Lalle ma haka, kuma ina ganin an rage masa daraja da ake kallonsa a matsayin kayan ƙunshi kawai, domin ƙananan fararen furanninsa suna da ƙamshin da ke cika gida da yamma. A fadama akwai albasar kwaɗi, wadda ke ɓacewa ƙurmus da rani, ruwan farko na sauka sai ta ɓullo da dogayen ganye da fure fari mai ratsin ja. Wanda bai san halinta ba zai ɗauka ta mutu ya tone ta ya yar. Dashenta shi ne a raba 'ya'yan da ke manne da uwar albasar, kamar yadda ake yi wa alobera.

Wadda na fi so a cikinsu ita ce ƙariya. A tsakiyar rani, lokacin da komai ya yi fari da ƙura, ita kuma ba ta da ganye ko ɗaya, sai ta rufe kanta da fure ja mai haske a kan kumburarren kututture. Da wuya ka ga 'ya'yanta, shi ya sa in an ambace ta mutane kan tuna da karin maganar nan ta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tana kamawa daga reshe, sai dai wadda aka dasa ba ta cika yin ƙaton gindi irin na wadda ta tsiro daga iri ba. Ruwan jikinta dafi ne, mafarauta sun daɗe suna amfani da shi a kibiya, don haka a nisanta ta da yara da dabbobi, a kuma wanke hannu bayan an yanke ta.

Akwai baƙi da suka zauna da mu har suka zama 'yan gida. Bugenbiliya, mai ƙaya da ke hawa katanga, asalinta Kudancin Amurka ce, an kuma raɗa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville. Abin da muke gani ja ko ruwan hoda a jikinta ganye ne mai launi, furen ainihi ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. In aka cika ta da ruwa da taki sai ta yi ta ganye ta ƙi ado, ƙishirwa kaɗan ce ke sa ta yin launi. Dashe yana da wata fa'ida a nan: reshe ba ya saɓa wa uwarsa. Launin da ka gani a katangar maƙwabci shi za ka samu a taka, abin da iri ba ya lamuncewa.

Yadda ake yi ba wuya. A zaɓi reshen da ya fara ƙwari, ba ɗanye sharaf ba, ba kuma tsoho tukuf ba, tsawon kamar taƙi ɗaya na hannu. A yanka da wuƙa mai kaifi a ƙarƙashin gaɓa, don daga gaɓa saiwa ta fi fitowa. A cire ganyen ƙasa a bar biyu ko uku a sama. A haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki a zuba a leda, ko ta fiya wata ce ta wadatar in an huda gindinta, a soka reshen a ajiye a inuwa. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu ƙona saiwa yake yi, yana kuma jawo gara. Farkon damina ya fi dacewa, kuma ranar da za a mayar da shi ƙasa a bari sai la'asar, a tsaga ledar maimakon a fizgo tsiron.

Masu farin ruwa kamar madara suna da nasu sharaɗi, kuma da asara na koye shi. Na taɓa samo reshen faranjifani, mai farin fure da rawaya a tsakiya, na dasa shi nan take a cikin marka. Bayan mako biyu na taɓa gindin sai yatsana ya nutse, ya ruɓe ya yi baƙi. Na koma wurin wani dattijo mai rainon itatuwa a bakin hanya na ce, "Baba, me na yi ba daidai ba?" Ya ɗauko wani reshe da ya jingine a gindin bishiya ya nuna mini bakin yankan, ya bushe ya yi tauri kamar tabo. "Ɗana, wannan kwanansa bakwai a nan. Sai ciwon ya warke ake sa shi a ƙasa, kuma ba a ba shi ruwa sosai." Haka ake yi wa ƙariya da aguwa.

Kada a rikita dashe da aure. Aure shi ne a ɗaura reshen bishiya mai kyawun 'ya'ya a kan gindin wata mai ƙarfin saiwa har su haɗe, kamar mangwaro mai aure da lemo. Shi wannan sai gwani, gara a saya a wurin masu raino ko ma'aikatan gandun daji, a kuma duba tabon ɗaurin a ƙasan kara kafin a biya.

Ƙanwar tawa ta karɓo rassan lalle uku daga gidan surukarta da na bugenbiliya biyu daga maƙwabta, ta kewaye su da tsohon kwando saboda awaki. Huɗu sun kama.