Kalmar OK Ba Daga Fagen Yaƙi Ta Fito Ba

An daɗe ana yaɗa cewa sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro OK, wai in sun dawo yaƙi ba a rasa kowa ba sai su rubuta "0 killed". Da daɗin ji, amma ƙanzon kurege ne.

Asalinta raha ce. 'Yan jaridar birnin Boston na Amurka sun yi yayin gajarta kalmomi suna ɓata rubutunsu da gangan. Ran 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga "o.k." a matsayin "all correct", komai daidai, kamar an rubuta shi "oll korrect".

Da tuni ta bi 'yan'uwanta kabari, sai zaɓen 1840 ya cece ta. Magoya bayan Shugaban Amurka na lokacin, Martin Van Buren, mai laƙabin "Old Kinderhook", suka kafa kulob mai suna O.K., wato haruffan farko na laƙabin. Shi kam kaye ya sha.