Ƙananan Sojojin Wasan Yaƙi na Tebur

Ƙananan sojojin wasan yaƙi siffofi ne na mayaƙa, dawaki, igwa da motocin yaƙi, waɗanda ake zubawa da ƙarfe ko roba, a jera su a kan tebur, mutum biyu ko fiye su gwabza da su bisa dokokin da aka rubuta. Ana auna tafiyar kowace runduna da tef na awo, ana kuma jefa ƙwayar lido domin a san harbin da ya samu da wanda ya kuskure. Galibi ba a sayar da su a shirye. Mai wasa ne zai haɗa gaɓoɓinsu, ya yi musu fenti, wani lokaci ya sauya musu kama gaba ɗaya, kuma mutane da yawa sun fi son wannan aikin hannu fiye da wasan kansa.

Tarihi

Wasan ya samo asali ne daga horon soja. A 1824 wani hafsan Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar da Kriegsspiel, inda ake motsa 'yan gutsattsarin ƙarfe a kan taswira domin koya wa hafsoshi dabarun yaƙi. Sojoji har yau suna amfani da teburin yashi wajen tsara farmaki, don haka abin ba baƙo ba ne a Kaduna, garin da ke da Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA tun 1964, ga kuma Kwalejin Jaji a kusa. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, abin da ya sa suka yi araha, sannan a 1913 marubuci H. G. Wells ya wallafa dokokin wasa da su ga farar hula a littafinsa Little Wars. Kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, ya fitar da wasannin Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. Yanzu hedkwatarsa tana Nottingham a Ingila.

Girma da kayan zubi

Ana faɗin girman soja da milimita. Mafi yaɗuwa shi ne milimita 28, sai 15 da 6 ga masu son jera runduna mai yawa a tebur ɗaya. Da farko haɗin dalma da kuza ake zubawa, amma daga shekarun 1990 kamfanoni da dama suka rage ko suka daina sa dalma saboda illarta ga lafiya. Yau an fi samun roba mai tauri, da rezin, da waɗanda ake bugawa da firintar 3D.

Haɗawa da sauyawa

Sojan roba yakan zo gunduwa-gunduwa a maƙale da firam. Ana ciro kowane yanki da ƙaramin almakashin waya, a kankare layin da mazubi ya bari da bayan reza. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, shi ya sa ba ya kama ƙarfe ko rezin. Waɗannan sai da sufa gulu. Idan gaɓar tana da nauyi, kamar hannun da ke riƙe da tuta, akan huda ɓangarorin biyu a zura gutsuren waya kafin a manna.

Sauyawa ita ce inda gwanintar mutum take fitowa. A ɗauki kan wannan a ɗora wa wancan, a yanke hannu a sake masa tsayuwa, a cike giɓi da wani ƙullu mai kashi biyu, shuɗi da rawaya, wanda in an murza shi ya zama kore, bayan 'yan sa'o'i kuma ya daskare. Ga Bahaushe wannan fanni ya fi kowanne amfani, domin kamfanonin Turai sun cika kasuwa da sojojin Napoleon da na Rum da na Yaƙin Duniya na Biyu, na ƙasar Hausa kuwa kaɗan ne. Wanda yake son jera yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, ko na Burmi na 1903, zai iya sayen mahayan Larabawa na zamanin da, ya naɗa musu rawani da amawali da wannan ƙullu, ya lulluɓe dokin da lifidi, ya zana masa layukan ɗinkin auduga da bakin allura, ya ƙara kwalkwali da garkuwar fata. Sulke kuwa ana fitar da shi ne ta hanyar tsattsaga ƙananan ramuka a jere tun ƙullun bai bushe ba. Samfurin da zai kwaikwaya yana nan da rai: duk wanda ya kalli Hawan Daushe a Zariya ya ga 'yan lifida da 'yan sulke da idonsa, da launin jalala da adon linzami. Wannan gata ne da mai fenti a Nottingham ba shi da shi.

Fenti

Ana farawa da shafen share fage, baƙi ko fari ko ruwan toka, domin fenti ya samu abin kamawa. Daga nan a sa launin tushe da fentin akirilik da aka tsinka da ruwa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke toshe fuska da ƙananan zane. Sai a bi da fenti mai duhu tsararo kamar shayi, ya gangara cikin lunguna ya zama inuwa. Akwai kuma dabarar busasshen buroshi: a goge kusan duk fentin a tsumma, a share saman siffar da ragowar, tudun kawai ya ɗauki haske. Tana kyau ƙwarai a kan sulke da gashin doki. Games Workshop na shirya gasar fenti mai suna Golden Demon tun 1987.

Wasu malamai suna hana sassaƙa surar abu mai rai, wasu kuma suna sassautawa ga kayan wasa bisa hadisin 'yan tsanar Nana A'isha. Mai son kauce wa saɓanin yana iya tsayawa kan tankoki, jirage, ganuwa da gine-gine.

Yanayin Kaduna

Fenti da sojojin daga waje ake shigo da su, amma kayan filin daga ana samunsu a gida. Yashin kogi da aka tankaɗe yana rufe gindin soja, kwali da soson kwalin firij suna zama tudu ko ganuwa in an shafe su da gam ɗin kafinta, waya da tarkacen ƙarfe kuma ba sa yankewa a kasuwar Panteka. A lokacin hunturu akirilik yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin soja, don haka ake ɗora fentin a kan takardar gashin burodi da aka shimfiɗa a bisa jiƙaƙƙen soso, a kuma rufe aikin saboda ƙura. Da damina matsalar laima ce: banish na feshi yakan yi fari-fari a jikin siffar idan iska ta jiƙe, shi ya sa a watan Agusta ya fi kyau a shafa shi da buroshi.